Rodan da ƴan rawar Kamboj

Ogust Rodan mutumin Faransa ne. An haife shi a birnin Pari a shekarar 1840. Sana'arsa ginin mutum-mutumi. Da yumɓu yake gina siffar mutum, sa'an nan a zuba ta da tagulla, ko a sassaƙa ta a farin dutse.

Rodan gwanin zane ne kuma. Sau da yawa idonsa yana kan wanda yake zanawa, hannunsa yana tafiya bisa takarda, ba ya ko duba ta.

A watan Yuli na 1906, ƴan matan rawa na sarkin Kamboj, wata ƙasa ta Asiya, suka zo Pari. Rodan ya ga yadda suke lanƙwasa hannuwa da yatsu, abin ya ba shi mamaki. Da suka tashi, sai tsohon ya shiga jirgin ƙasa ya bi su har Marsai. Lokaci ƙanƙane gare shi, don jirgin ruwansu ya kusa tashi. Cikin ƴan kwanaki ya yi zane wajen 150.

A 1916 ya ba gwamnatin Faransa ayyukansa duka. Ya rasu a 1917. A 1919 aka buɗe gidan ajiyar kayansa a Pari. Mutum-mutuminsa na tagulla suna tsaye cikin lambu, rana da damina. Zane-zanen kuwa, haske yana ɓata su, shi ya sa ake adana su, sai jifa-jifa ake fiddo su a nuna wa jama'a.

Tambayoyi
1. Don me Rodan ya tafi Marsai?
2. Me ya sa ba a nuna zane-zanensa kullum?