Noma Da Farauta: Wanne Ya Fi Amfanin Ɗan Adam?

Manoma suna yi wa sana'arsu kirari da na duƙe tsohon ciniki. To, lalle tsoho ne, amma farauta ta girme shi. Mutane sun yi dubban shekaru ba su san fartanya ba, abincinsu naman daji ne da kifi da zuma da 'ya'yan itatuwa. Masu tonon kufai sun ce alkama da sha'ir aka fara shukawa, can wajen Sham da Iraƙi, shekara kamar 10,000 da suka wuce. Hatsinmu ya biyo baya. An sami dawa ta shuka kusa da Kassala a gabashin Sudan mai shekara kamar 5,000, an kuma sami gero a kwarin Tilemsi a ƙasar Mali mai shekara kamar 4,500.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, da aka auna ƙasusuwan manoman farko a wurare da yawa, sai aka tarar sun fi maharban da suka gabace su gajarta, haƙoransu kuma sun fi ruɓewa. Dalili kuwa, maharbi yana cin abu iri iri, manomi ya dogara ga hatsi guda. Ga kuma zama a cunkushe da dabbobi, wanda ya ba cututtuka irin su ƙyanda hanya. Wani malami, Richard Lee, ya zauna da mutanen dajin Kalahari wajen 1964, ya ga kwana biyu zuwa uku kaɗai suke neman abinci a mako. Wane manomin Bukkuyum ke samun wannan hutu a tsakiyar damina? Saboda irin wannan ne wani Ba'amurke, Jared Diamond, ya rubuta a 1987 cewa kama noma babban kuskure ne.

Mu dai ba mu bi shi har can ba. Dajin da zai ciyar da gidan maharbi guda, in aka nome shi sai ya ciyar da ƙauye. Rarar da ke cikin rumbu ita ta zaunar da maƙeri a maƙerarsa, da malami a zaurensa, ita ta kafa kasuwar Gummi, ita ta riƙe Anka har ta zama mazaunin Sarkin Zamfara. Kai akawu da ke karanta wannan a ofis, rumbun wani ne ya zaunar da kai bisa kujera.

Amma fa manomi ba ya gudu da gonarsa a ka. Maharbi in wuri ya ɓaci sai ya rataya kwarinsa ya yi gaba. Manomi kuwa kowa ya san inda zai same shi ran girbi, ko mai karɓar haraji ne, ko mahari. Mutanen yammacin Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan, tun da 'yan bindiga suka shiga aza wa ƙauyuka kuɗi kafin su bari a shiga gona, bayan shekarar 2011.

To, yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Kakanninmu da suka kama noma ba su saki daji gaba ɗaya ba, sun shigo da shi cikin gona ne. Ku duba tsohuwar gona, za ku ga ɗorawa da kaɗanya da kuka da ɗinya tsaye, ba don mai gonar ya rasa gatari ba. Ɗorawa tana nuna da bazara, ta ba da gari, kalwarta ta zama daddawa. Kaɗanya tana zuba da farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga aiki ya yi yawa, yara su ci 'ya'yan, mata su tara ƙwarar don man kaɗe. Tafasa da yaɗiya su ma suna tsare gida kafin gero ya nuna. A yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 da farin 1973, abincin daji ya ceci rayuka da yawa, har tsabar ƙarangiya an sussuka an ci. Watau abin da ya gajartar da manoman farko, dogara ga abu guda, shi ne waɗannan itatuwa suke yi mana magani.

Saboda haka in mai gawayi ya zo taya kaɗanyar gonarka, ka yi lissafi tukuna. Buhunan gawayi sau ɗaya za a sayar da su, ita kuwa kaɗanya tana yin shekara 15 ko fiye kafin ta soma 'ya'ya. In kuma ka zo sharar gona bana, kada ka ƙone kowane kututture. Zaɓi tohon da ya fi ƙarfi guda biyu ko uku a kansa, ka sassabe sauran, ka kewaye shi da ƙaya don awaki.