Yadda Ake Kwashe Rumbun Bayanai Daga Access Zuwa MySQL

A Unguwar Sarki, daga kewayen Masallacin Sultan Bello har bakin titin Ali Akilu, akwai makarantun kuɗi, shagunan magani da ƙananan asibitoci da ke ajiye bayanansu cikin fayil ɗaya na Microsoft Access. Fayil ɗin ba ya wuce gigabait 2, kuma idan ma'aikata da yawa suna rubutu cikinsa lokaci guda yakan yi nauyi, har ya lalace. Idan harka ta kai haka, sai a koma MySQL. Kwashewar ba ta da wuya. Inda aikin yake shi ne kowane suna, kowace lamba, su isa yadda suka taso.

Da farko a tsayar da shigar da sababbin bayanai, a zaɓi yammacin Juma'a ko lokacin hutun makaranta. A kwafi fayil ɗin gida biyu, ɗaya a filashi, ɗaya a wata kwamfuta, kuma da kwafin za a yi aiki. A tanadi inbata ko janareta, domin ɗauke wuta ana tsakiyar lodi yakan bar jadawali rabi da rabi.

Sai a ɗauki biro da takarda a rubuta sunan kowane jadawali da yawan layukansa, da jimillar kuɗin da ke ciki. Wannan takarda ita ce shaida a ƙarshe.

Mataki na uku shi ne daidaita nau'in bayanai, kuma nan aka fi yin ɓarna. Lambar waya da lambar NIN, kowacce mai alƙaluma 11, rubutu ne, ba lissafi ba, don haka a ba su nau'in VARCHAR. Idan aka ɗauke su a matsayin adadi, sifirin farko na 0803 zai ɓace, ga shi kuma nau'in INT ya tsaya a 2,147,483,647. Kuɗi a sa shi a DECIMAL, kada kwabo ya salwanta wajen tarawa. Access yana ajiye "e" a matsayin -1, "a'a" a matsayin 0, saboda haka a mayar da -1 zuwa 1. Kwanan wata ma na buƙatar ido: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta 4 ga Maris. MySQL yana karɓar shekara, wata, sannan rana, wato 2024-04-03.

Abin da mai Hausa bai kamata ya yi sakaci da shi ba shi ne haruffa masu lanƙwasa. A ƙirƙiri sabon rumbun da tsarin utf8mb4, kuma in ta fayil ɗin CSV za a bi, a ajiye shi da UTF-8. Tsohon tsarin Windows-1252 bai san ɓ, ɗ, ƙ ko alamar ₦ ba. Sai a buɗe rajista a ga Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma babu manhajar da za ta dawo da harafin sai an koma tushe. Abin takaici ne yaro ya karɓi sakamakon jarrabawa da alamar tambaya a farkon sunansa.

Daga nan sai kwashewar kanta. Manhajar MySQL Workbench tana da sashen ƙaura da ke haɗuwa da Access ta ODBC, ya gina jadawalai, ya zuba bayanai. Mai lodi da hannu ya fara da jadawalin ɗalibai kafin na biyan kuɗi, tunda na biyun yana jingine da lambar ɗalibi. Fom-fom da rahotanni ba sa bin ayarin. Ana iya barin Access a matsayin fuska, a haɗa shi da sababbin jadawalan.

Bayan lodi a ɗauko takardar nan a gwada yawan layuka da jimillar kuɗi. A zaɓi sunaye kamar ashirin, musamman masu lanƙwasa, a duba su ɗaya bayan ɗaya tare da akawun da ya san mutanen. Tsohon fayil a kulle shi, karatu kawai, har zango guda ya wuce lafiya. Filashin da aka yi aiki da shi kuwa a goge shi, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su.