Yadda Ake Faskara Gungume: Kayan Rumawa da na Yau

Da farko a tsayar da gungumen a kan kututture, a duba kansa. Itace in ya fara bushewa yakan tsage daga tsakiya zuwa gefe, kuma wannan tsagar ake bi. Inda reshe ya fito kuwa, a kauce masa.

Barumen dā da gatarinsa, securis, yake buɗe bakin tsagar. Kan gatarin ke da rami, a zura ƙota a ciki, ba irin namu da ake cusa gindin ƙarfen cikin ƙota ba. Sojojinsu kuma dolabra suke riƙewa, baki ɗaya gatari, ɗayan diga. Har yau ana ganinsu suna saran itace a zanen ginshiƙin Sarki Tarajan da aka kammala a Rum a shekarar 113. Amma ƙarfensu mai laushi ne, don tandunsu ba ya narkar da tama ta zama ruwa, sai maƙeri ya yi ta duka yana fitar da datti. Ƙarfe mai tauri, irin na Norikum, ƙasar Ostiriya a yau, yana da tsada, sau da yawa bakin kaɗai ake liƙa wa.

Shi ya sa weji ne ke yin babban aikin. A kafa na ƙarfe a tsagar, a doka da guduma. In ta buɗe, a sa na itace mai tauri a gaba, a zare na farkon, a matsa, har gungumen ya rabu. Kada hannu ya shiga tsagar. Marubutan dā sun ce haka ɗan kokawar Girka, Milo, ya halaka: wejin ya fita, itacen ya matse hannuwansa.

Abin faskare na zamani ya haɗa gatari da guduma a kai ɗaya mai nauyin kilo 3 ko 4, bakinsa mai kauri, don turewa ake so ba yanka ba. A buɗe ƙafafu, a ɗaga, a bar nauyin ya faɗi kusa da gefe. Wasu kamfanoni, irin su Fiskars, suna yin ƙotar da ba ta itace ba ma.

A ƙaramin gungume na zamanin ya fi na Rumawa sauri nesa ba kusa ba. Amma in aka haɗu da mai ƙulli, sai a koma ga weji. A riƙa goge kansa in ya baje, don ɓarɓashin ƙarfe na iya tsalle ya shiga ido.