Haƙƙin Mallaka da Fassarar Sa-kai ta Ƙagaggun Labaran Japananci

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsayin fassarar da masoya ƙagaggun labaran Japananci ke yi ba tare da izini ba, ta kuma nuna cewa rashin neman riba bai halatta aikin a idon doka ba.

1.0 Gabatarwa

Tun cikin shekarun 2000 masu karatu a ƙasashe daban-daban suka riƙa fassara labaran matasa na Japan zuwa Ingilishi da wasu harsuna, suna sakawa a intanet kyauta. Shafin Baka-Tsuki, wanda aka kafa a 2006, ya yi fice a wannan fage. Hujjar mafassaran ita ce kamfanonin ɗab'i na ƙetare sun yi ko-oho da littattafan, alhali masu karatu na ƙishirwarsu.

2.0 Tanadin Doka

Japan ta shiga Yarjejeniyar Berne ta 1886 a shekarar 1899. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya keɓe wa marubuci ikon fassara aikinsa ko ba wani izinin yin hakan. Dokar haƙƙin mallaka ta Japan ta 1970 ta tanadi wannan iko a sashe na 27, sannan sashe na 20 ya haramta sauya aikin marubuci ba da son ransa ba. Yarjejeniyar ta kuma ɗauki fassara a matsayin aiki mai kariya, amma ba tare da tauye haƙƙin mai asalin littafi ba. Ke nan mafassarin sa-kai yana tsaka mai wuya: guminsa ne, sai dai a gonar wani ya zuba shi.

3.0 Al'adar Mafassara da Matakin Kamfanoni

Mafassaran sun shimfiɗa wa kansu ƙa'idar janye fassara da zarar wani kamfani ya sayi lasisin littafin. Wannan ladabi ne da suka ɗora wa kansu, kuma bai shafe keta haƙƙin da ya riga ya auku ba. Wani ruɗanin ya shafi labaran da ake fara wallafawa kyauta a shafin Shōsetsuka ni Narō, kamar Mushoku Tensei da Re:Zero. Barin mutane su karanta kyauta ba ya nufin an ba su izinin fassarawa.

Su kuwa kamfanoni, yawan masu bibiyar fassarar ya nuna musu cewa akwai kasuwa. Yen Press ya ware sashe na musamman don irin waɗannan littattafai a 2014. J-Novel Club, wanda aka kafa a 2016, yana sakin fassara mai lasisi kashi-kashi ga masu biyan kuɗi, abin da ya rage jiran da ke tura jama'a ga fassarar sa-kai.

4.0 Ƙofar da ke Buɗe

Daga 30 ga Disamba 2018 Japan ta tsawaita wa'adin kariya daga shekara 50 zuwa 70 bayan rasuwar marubuci. Ayyukan Natsume Sōseki, wanda ya rasu a 1916, da na Akutagawa Ryūnosuke, wanda ya rasu a 1927, sun daɗe da zama mallakar kowa, kuma da yawansu na taskar intanet ta Aozora Bunko. Na Mishima Yukio kuwa, da ya rasu a 1970, sai 2041 za su fita daga kariya, maimakon 2021.

5.0 Kammalawa

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 1993, don haka hukuncin ya hau kan mai fassarawa zuwa Hausa. Idan ya bi ta fassarar Ingilishi, haƙƙi biyu ne a gabansa: na marubucin da na mafassarin farko. Ko da littafin asali ya zama mallakar kowa, fassararsa ta Ingilishi tana iya kasancewa cikin kariya, kuma sai an nemi izinin mai ita kafin a taɓa ta.