Waswasi A Cikin Ibada: Hukuncin Malamai Da Maganin Likitoci

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci cuta Ya kuma halicci magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata cuta ce wadda ta fi kama masu son ibada, mai ita kuwa ba ya iya faɗa wa kowa saboda kunya, watau waswasi. Akan ga mutum a bakin masallaci ya ƙarar da buta biyu ko uku bai gama alwala ba, ya wanke fuska ya koma ya sake, har liman ya sallame. Wani a kabbarar harama abin ke kama shi, ya ɗaga hannu ya sauke, ya sake ɗagawa. Wani kuma munanan tunane-tunane game da Allah ke faɗo masa a rai ba da sonsa ba, ya wuni ya kwana yana tsoron ya kafirta. Mutanen gida su ce aljanu ne ko sammu, abokai su ce tsoron Allah ne ya yi masa yawa, shi kuwa yana nan yana ramewa.

Malaman fiƙihu sun san irin wannan mutum tun da daɗewa, sun kuma ware masa hukunci nasa. A mazhabar Malikiyya ana kiransa mustankihi, watau wanda shakka ta aure shi, tana zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a rana. Shaihu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya bayyana a cikin Risala cewa mai irin wannan shakka a salla ya kau da kai daga gare ta, kada ya gyara komai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Haka nan shakkar karyewar alwala, wadda ke wajabta wa mai lafiya sakewa, ba ta wajabta wa mustankihi. Game da munanan tunane-tunane kuwa, ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun kai kukan irinsu ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nuna musu cewa ƙyamar da suke yi wa abin ita kanta alamar imani ce.

To, abin da ya saura shi ne yadda mai cutar zai iya bin wannan hukunci. Sau da yawa ya san mas'alar sarai, yana ma iya karantar da ita, amma da ya ajiye buta sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ba ya samun sukuni sai ya sake. A nan ne wata hanyar jiyya ta likitocin ƙwaƙwalwa ke da amfani, wadda ake kira gyaran tunani da ɗabi'a, likitoci kuma ke taƙaita sunanta da haruffan CBT. Wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, na Jami'ar Pennsylvania, shi ne ya tsara ta a shekarun 1960. Ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna da waɗansu tunane-tunane da ke faɗo musu nan take, kamar "ba ni da amfani" ko "komai ya lalace", suna kuma karɓarsu tamkar gaskiya ba tare da bincike ba. Sai ya riƙa zama da majiyyaci suna rubuta tunanin, suna neman hujjarsa, suna gwada shi a aikace. Yawanci akan zauna sau ɗaya a mako na kimanin makonni 12 zuwa 20, a kuma ba majiyyaci aikin da zai yi a gida.

Ɓangaren da ya shafi waswasi kuwa Victor Meyer ne ya fara bayyana shi a Landan a 1966. Bayaninsa mai sauƙi ne. Duk lokacin da mai waswasi ya sake alwala yakan ji sanyi na ɗan lokaci, wannan sanyin kuwa shi ne abincin cutar, domin yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa sakewar ce ta cece shi. Saboda haka sai a sa shi ya yi alwala sau ɗaya, ya ajiye buta, ya tashi da shakkar a ransa. Hankalinsa zai tashi ƙwarai, amma idan ya daure tashin hankalin yakan sauka da kansa, gobe kuma ya fi na yau sauƙi. Akan fara da abin da ya fi sauƙi a hau zuwa mai wuya. Duk wanda ya karanta Risala zai ga cewa wannan shi ne kau da kan da Shaihun ya yi umarni da shi, sai dai an mai da shi mataki-mataki, da mai lura a gefe.

Ba a Amurka aka fara wannan tunani ba. Abu Zaidin Albalkhi, almajirin Alkindi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, rabinsa a kan lafiyar jiki, rabi a kan lafiyar rai. Ya yi magana a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo, ya kuma gargaɗi mai waswasi game da kaɗaici da zaman banza. Ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar mutuwa ko asara, da wanda ke saukowa ba dalili, wanda ya ce asalinsa daga jiki yake. Marigayi Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara ɓangaren rai na littafin zuwa Turanci a 2013. Abin takaici ne a ce littafi irin wannan ya shafe ƙarnoni a ɗakin ajiya a Istanbul, masu waswasi kuwa ana ta yi musu turare.

Wannan jiyya ba ta hana addu'a da karatun Alƙur'ani. Sai dai a kula kada neman tsari shi ma ya koma abin ƙirgawa da sakewa, domin cutar takan sauya riga. Idan kuma abin ya yi tsanani har ya hana barci ko cin abinci, ko mutum ya fara tunanin kashe kansa, to, ba a jira. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, domin sau da yawa sai an haɗa da ƙwayoyin magani.

Iyalin mai cutar su ma suna da nasu aikin. Yakan tambayi matarsa ko malaminsa sau goma a rana ko alwalarsa ta yi, su kuwa saboda tausayi su yi ta amsawa. Wannan amsar ma sakewa ce, bakin wani kawai ta ara. Abin da ya fi shi ne malami ya zaunar da shi sau ɗaya, ya faɗa masa hukuncin mustankihi a fili, a rubuta masa a takarda. Idan ya dawo da tambayar gobe, sai a ce da shi cikin taushin murya an riga an amsa, a miƙa masa takardar.