Idan faifan Ubuntu ya maƙale a laftof

Ka saka faifan Ubuntu, laftof ta tsaya cak a kan tambari? Kada ka yi saurin ɗaukarta daga Taura zuwa Dutse wajen mai gyara. Fara danna Esc, za ka ga layin da ta maƙale. Sau da yawa matsalar katin hoto ce, musamman na Nvidia. Sake kunnawa, danna e a jerin GRUB, rubuta nomodeset bayan quiet splash, sannan ka danna F10.

Wani lokaci kuma matsalar daga faifan take: ƙurar hunturu kan dusashe idon da ke karanta faifai, shi ma faifan yakan karce. Goge faifan da ƙyalle mai laushi, ko ka zuba tsarin a filashi da Rufus. In RAM bai kai 4GB ba, koma Lubuntu. In abin ya ci tura, gwada RAM ɗin da Memtest86+.