Darasin Wannan Wata: Ƙwarin Cikin Gida A Ƙasar Auyo

Ƙasar Auyo ƙasar ruwa ce. Kogin Haɗejiya ya ratsa ta. Ga fadamu, ga tafkuna, ga kuma hanyoyin ruwan noman rani da suka bi ta Gamsarka da Ayama da Auyakayi. Da wannan ruwa ake samun shinkafa da alkama da kayan lambu da kifi. To, amma ba ɗan Adam kaɗai ke cin moriyar ruwan ba. Ƙwari ma suna ci. Duk inda aka sami danshi da zafi da abinci, nan ƙwaro yake kafa gida.

Abin ya fi tsanani a shekarar ambaliya, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. Ruwa yakan janye ya bar kududdufai a bayan gidaje. Salga takan rufta. Hatsi yakan jiƙe. Jama'a sukan taru a makarantu suna kwana kan tabarma ɗaya. Bayan 'yan makonni sai ƙwari su yi yawa, cuta kuma ta biyo baya.

Kowane ƙwaro da inda yake haihuwa, da abin da yake ci, da lokacin da yake fitowa. Wanda ya san waɗannan abubuwa uku ya yi rabin aiki.

SAURO

Sauro shi ne babba, ko da yake shi ne ƙarami a jiki. Shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya. Wani likita Bature mai suna Ronald Ross ne ya tabbatar da haka a ƙasar Indiya a 1897. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya 'yan Nijeriya ne. Waɗanda ya fi kashewa su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mata masu juna biyu ma suna cikin haɗari.

Ba kowane sauro ke kawo zazzaɓi ba. Macen wani iri ce, kuma da dare take cizo. Ana gane ta da zamanta. Idan ta sauka a bango takan sunkuyar da kai ta ɗaga gindinta sama. Sauron kwata kuwa, mai yawan kuka a kunne, jikinsa a kwance yake zama. 'Ya'yansu ma sun bambanta. Idan aka leƙa ruwa aka ga 'yan tsutsotsi suna kwance daidai da fuskar ruwan, na mai kawo zazzaɓi ne. Idan suna rataye kai ƙasa, na sauron kwata ne. Wannan mai kawo zazzaɓin ita ce kuma ke yaɗa tundurmi da gwaiwa a wannan yanki na Afirka.

Ba ta son ruwa mai wari. Ta fi son ruwa marar zurfi da rana ke haskawa, kamar ruwan gonar shinkafa, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, har da sawun kofaton shanu. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 ne zuwa 14. Saboda haka duk ruwan da ya yi mako guda a kwance a kusa da gida abin tuhuma ne. A cike ramuka da ƙasa. A kife tsofaffin tukwane da gwangwanaye. A rufe randa da tulu. A riƙa sauya ruwan kaskon kaji.

Gaskiyar magana ita ce, a Auyo wannan kaɗai ba zai wadatar ba. Babu mai iya ƙafar da kogi, babu kuma mai cewa a daina noman shinkafa. Ga noman rani ya sa sauro ba ya ƙarewa ko damina ta wuce. Don haka babban makami shi ne gidan sauro mai magani, kowane dare, rani da damina.

Sabon gidan sauro, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, don kada ya sa ƙaiƙayi. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Idan ya yage a ɗinke nan da nan, don sauro ɗaya ya isa. A wanke shi a hankali da sabulu, a shanya a inuwa, don rana tana kashe maganin. Yakan yi kamar shekara 3 yana aiki. Wasu sukan mai da shi koma ta kamun kifi, ko shingen lambu. Wannan asara biyu ce. Yara sun kwana a fili, ƙananan kifayen da za su girma baɗi kuma an kwashe su.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina. Ma'aikata sukan bi gida-gida da shi. Su ne ke ba da na ranar farko, uwa kuma ta ba da na kwana biyun da suka rage. Kada a ajiye shi sai yaro ya kwanta. Idan kuwa jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar, kada a jira gobe.

ƘUDA DA KYANKYASO

Waɗannan biyu hanyarsu ɗaya ce: daga salga zuwa kwanon tuwo. Ƙuda da rana, kyankyaso da dare.

Macen ƙuda takan zuba ƙwai kamar 100 a lokaci guda, a kan kashi ko taki ko ruɓaɓɓen abinci. A lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 sun zama ƙudaje. Ƙuda ba shi da haƙori. Idan ya sauka kan abinci sai ya amayo ruwan cikinsa a kai, ya narkar, sa'an nan ya tsotse. Ta haka yake kawo gudawa da atini da taifot da kwalara. Wanda ke bin idon yara kuma yana yaɗa ciwon ido da kan kai ga makanta idan an yi sakaci.

Maganinsa murfi ne. Murfi a bakin salga, faifai a kan kwano. A zuba toka cikin salga bayan an gama. Kashin yaro ma kashi ne, a kai shi salga, kada a watsa a bayan danga. A kwashe takin awaki a kai gona. A wanke fuskar yara da sabulu kowace safiya.

Kyankyaso yakan ɓuya cikin tsagar bango da bayan kwanukan jere da ƙarƙashin gado. Ƙwansa yana cikin wata 'yar jaka mai kama da ƙwayar wake, ja-ja. Idan an gan ta a murƙushe. Wanda ya ga kyankyaso yana yawo da rana tsaka, ya sani sun yi yawa ƙwarai a ɗakin. Kada kwanukan tuwon dare su kwana ba a wanke ba. A liƙe tsagar bango. Mai ciwon fuka ya fi kowa buƙatar wannan, don ƙurar kashin kyankyaso tana tayar da ciwon.

KUƊIN CIZO DA ƘWARƘWATA

Kuɗin cizo ba alamar talauci ba ne. Yakan shiga gidan kowa, cikin jakar matafiyi, ko kayan gwanjo, ko tsohon gado da aka saya. Jikinsa a baje yake, ja-ja, ba shi da fiffike. Alamarsa baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifa, da ɗan jini a zanen gado, da wani wari. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma yana hana barci, susa kuma takan zama gyambo. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, saboda haka rufe ɗaki a yi tafiya ba ya kashe shi.

Zafi ke kashe shi. A fitar da gado a kwarara tafasasshen ruwa a kowace gaɓa. A wanke zannuwa da ruwan zafi. A shanya katifa da tabarmi a rana mai ƙuna, ana juyawa. Bayan mako guda a sake, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe.

Ƙwarƙwatar tufafi ma ruwan zafi da guga ke maganinta. Ta kai kuwa, aski ga yara maza, tsefewa da taje kai da ƙaramin mataji ga mata. Kada a taɓa shafa wa yaro maganin feshin gona a ka.

GARA

Gara a ɓoye take aikinta. Alamarta siririyar hanyar ƙasa da ke hawa bango ko dirka. A kankare ta duk lokacin da aka gani. Kada a jingina itacen wuta ko kara a jikin ɗaki. Magabata sun san dalilin ɗora rumbu a kan duwatsu, da yin rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Takardar gona da katin asibiti da littattafan yara, a sa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a sama.

ƘWARON WAKE DA NA HATSI

Manomi yakan ce ya zuba wake lafiyayye a buhu, daga ina ƙwaro ya fito? Daga gona ya biyo shi. Tun waken yana cikin kwasfa macen ƙwaron ta yi ƙwai a kai. Tsutsar takan shige cikin ƙwayar ta ci, bayan mako 3 zuwa 4 ta huda ta fito ta zama ƙwaro, ta sake yin ƙwai. Kafin bazara, lokacin da wake ke kuɗi, buhun ya zama gari da huji. Idan aka duba ƙwayar wake aka ga ɗan farin ɗigo a manne, ƙwan ke nan.

Ƙwaro yana numfashi kamar kowace halitta. Idan aka hana shi iska zai mutu, ba tare da magani ba. Wannan ita ce dabarar buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. A duba ledojin kada a sami huji. A zuba wake, a matse iska, a ɗaure ta farko, a ɗaure ta biyu daban, sa'an nan a ɗaure buhun. Kada a riƙa buɗewa. A ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera. Jarka ko ganga mai murfi ma tana yin wannan aiki, muddin an cika ta har baki, kuma ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinta ba. Masara da dawa da shinkafa duk ana iya adana su haka.

Sharaɗi ɗaya ne: sai hatsin ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi fumfuna. A zuba ɗan hatsin cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mai da shi rana. Ɗan waken iri kuwa, a gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, mudu da mudu, a tukunya. Kafin a zuba sabon hatsi a rumbu, a share tsohon tas a ƙone sharar.

Bandar kifi ma tana da nata baƙin ƙwaro mai cinye tsoka ya bar ƙaya. A sake mai da kifin kan wuta lokaci-lokaci. Fesa masa magani cin amanar mai saye ne.

GUBA A CIKIN GIDA

Nan ne ake neman gira a rasa ido. Fiya-fiya da Sniper maganin gona ne. Amma sai a ga an yayyafa a ɗaki an rufe ƙofa da yara a ciki, ko an zuba kan wake. Wannan guba ce ta sa ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna.

Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi ta fi haɗari. Idan ta sha iska takan fitar da wani tururi mai warin tafarnuwa. Wannan tururin yana kashe mutum cikin barci, kuma babu allurar da ke karya shi. Buhun da aka sa wa ita ba ya zama a ɗakin kwana, ko ɗakin da ke haɗe da na kwana. Aikin wanda aka koya wa ne, a sito na daban.

Mai iya karatu ya karanta takardar jikin kwalba kafin ya buɗe, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa. Maganin da ba shi da takarda, kada a saya. Kada a juye shi a kwalbar lemo, don yaro zai ɗauka abin sha ne.

Alamun wanda ya sha ko ya shaƙi guba su ne dalalar yawu, da gumi, da amai, da jiri, da wahalar numfashi. A fitar da shi waje ya sha iska. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a tilasta masa yin amai. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Haɗejiya, a tafi da kwalbar don likita ya ga irin gubar.